Yawon Sallah Da Jariri A Wurin Wasa: Daɗin Na Manya, Wahalar Ta Goyo

Daga wakilinmu a Maraɗi

Duk lokacin da sallah ta ƙarato, da zarar an rufe rumfuna an gama lissafin cinikin jajibere, magana ɗaya ce ke tashi a gidajen ƴan kasuwarmu, wato ina za a kai yara yawon sallah. A da can gidan kakanni ne da kallon hawan sarki, amma yanzu abin ya sake salo. Wasu su cika mota su nufi Yamai domin shiga gidan tarihi na Boubou Hama da kowa ke kira Mize, inda ake kallon zaki da dorina. Wasu su tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya su wuce Kano gidan zu na Audu Bako, ko su zarce Abuja wuraren lilo da jiragen wasa. Waɗanda Allah Ya hore wa kuwa, musamman masu saro kaya daga Dubai, sukan haɗa tafiyar kasuwa da hutu su kwashi iyali gaba ɗaya.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne, da wuya mota ta tashi irin wannan tafiya babu goyo a cikinta. Ba ganganci ne ke sa haka ba. Uwa mai shayarwa ba ta iya barin ɗanta a gida yini guda, yayyen jaririn kuma sun shekara suna jiran wannan rana, ita ma uwar tana da haƙƙin ta fita ta sha iska kamar kowa. Shi ya sa a shirin lafiyar iyali da nake gabatarwa a gidan rediyonmu na karkara, tambayar nan takan dawo duk gabanin sallah: shin a tafi da jariri wurin wasa, ko a haƙura? Amsar da zan bayar a nan, kafin na san ta sai da na sha wuya.

Abin da ya faru da ni

A ƙaramar sallar 2022, wadda ta faɗo farkon watan Mayu ana tsakiyar bazara, na ɗauki uwargida da yara uku da ɗiyarmu mai wata huɗu muka tafi wani wurin wasa a wani babban birni. Mun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, muka yi fiye da awa guda a layin tikiti, rana na bisa kai, jaririyar na goye a baya ƙarƙashin hijabi mai kauri. Da farko ta yi ta kuka, daga baya ta yi shiru, ni kuwa na ce madalla, ta yi barci.

Wajen la'asar uwargida ta sauke ta za ta ba ta nono, sai na ji ta ce, "Malam, zo ka ga yarinyar nan, ta ƙi kamawa, jikinta kamar wuta." Ƙunzugunta a bushe tun safe, maɗigarta ta ɗan faɗa, idanunta a lumshe. Gaskiyar da nake jin kunyar faɗa ita ce, tun azahar uwar ta ce mu koma masauki, ni na hana, domin ina lissafin kuɗin mai da kuɗin shiga da na kashe, ina ganin ba mu ci kuɗinmu ba tukuna. A daren nan a asibiti muka kwana ana ƙara mata ruwa, abin da na biya kuma ya ninka kuɗin tikitin da nake jin ciwonsa. Allah Ya rufa asiri ta tashi, yau tana gudu tana wasa. Amma laifin ba na masu wurin ba ne, nawa ne, domin na shirya yinin a kan kuɗina, ban shirya shi a kan mai wata huɗu ba.

Ba don jariri aka gina wurin ba

Irin waɗannan manyan wuraren wasa da muke gani a talabijin da wayoyi, wanda ya fi suna cikinsu shi ne Disneyland da aka buɗe a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955. An buɗe babbansa a Fulorida a 1971, sannan na kusa da birnin Paris a Faransa a 1992. A duk waɗannan, yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, haka ma a wasu wuraren na Dubai. Ɗan kasuwa in ya ji kalmar kyauta sai ya ga riba, amma ya kamata ya tambayi kansa dalilin da ya sa mai neman kuɗi zai yafe kuɗi. Dalilin shi ne sun san ɗan abin da jariri zai mora a wurin bai taka kara ya karya ba.

Manyan jiragen wasa masu hawa da gangara da tsawo ake shigarsu, ba da shekaru ko da roƙo ba. A na Paris akwai wanda sai yaro ya kai santimita 102, akwai mai neman santimita 120, kuma ga sanda a bakin ƙofa ana auna kowa. Jariri sabon haihuwa tsawonsa wajen santimita 50 ne, mai shekara guda wajen 75, yaro kuma sai ya kusa shekara 4 yake kai mita ɗaya. Ke nan jaririn ba zai hau ba, ba zai gane abin da yake gani ba, ba kuma zai tuna ya je ba. Abin da ke isa gare shi daga wurin abu uku ne kawai: numfashin jama'a, zafin rana da ƙara.

Su masu waɗancan wurare sun san haka, shi ya sa suka tanadi ɗaki na musamman mai sanyi inda uwa za ta zauna ta shayar, ta canza ƙunzugu. Suna kuma da tsarin da uba zai hau jirgi da manyan yara uwa na riƙe da jariri, in ya sauko ya karɓe shi ita ta hau ba tare da ta sake bin dogon layi ba. A wuraren da na taɓa shiga a yankinmu ban cika ganin irin wannan tanadi ba, ballantana ranar sallah da ko gindin bishiya sai an yi rububinsa. Don haka tanadin ya koma wuyan maigida.

Cunkoso da cutar da ba a gani

Wanda ke ganin tsabtar wuri da tsadarsa suna hana cuta, to ya ji wannan. A watan Disamba 2014 cutar ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, ta ɓulla tsakanin mutanen da suka ziyarci Disneyland ta Kalifoniya. Kafin ta lafa a 2015, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 147 a jihohi 7, cutar kuma ta tsallaka Kanada da Meziko. Cikin mutum 110 na farko da aka lissafa a Kalifoniya, 12 jarirai ne da ba su isa a yi musu allura ba. Ba ma duk waɗanda suka kamu ne suka je wurin ba, wasu a gida ta same su daga waɗanda suka dawo da ita.

Ƙyanda ta iska take yaɗuwa. Ƙwayarta na iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, mutum kuma yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito masa, wato lokacin da kowa ke ɗauka mura ce. Cikin mutum 10 marasa kariya da suka kusanci mai ita, har 9 na iya kamuwa. To a tsarin rigakafin ƙasashenmu, allurar ƙyanda da ta shawara sai jariri ya cika wata 9 ake yi masa. Kafin nan akwai ta ranar haihuwa, da na mako 6, mako 10 da mako 14, waɗanda ke kare shi daga shan inna, tarin shiƙa, ciwon haƙarƙari da gudawa mai tsanani. Jaririn da bai kammala waɗannan ba, kai shi cikin dubban mutane daidai yake da buɗe rumfa cike da kaya ka tafi ba maigadi.

Mu kuma da ke wannan yanki muna da ƙarin abin tsoro, wato sanƙarau, wanda lokacinsa ke kamawa daga hunturu zuwa faɗuwar damina, kuma cunkoso da ƙura ke taimaka masa. Ba mu manta da 2015 ba, lokacin da aka lissafa fiye da mutum 8,000 da ake zaton sun kamu a Nijar, fiye da 500 suka rasu, Yamai na cikin inda abin ya fi tsanani. Kakanninmu da suka ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ba su san sunan ƙwayar cuta ba, amma sun san jinjiri da taro ba sa haɗuwa.

Zafin rana

Daga 2021 zuwa 2025 ƙaramar sallah ta yi ta faɗowa tsakanin ƙarshen Maris da tsakiyar Mayu. Babbar sallah kuma a 2025 farkon Yuni ta faɗo, kuma da yake tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, shekarun da ke biye cikin Mayu da Afrilu za a yi ta yin ta. Kowa ya san a waɗannan watanni zafi a Maraɗi, Damagaram, Ƙonni da Yamai yana wuce digiri 40. Jikin jariri bai iya sanyaya kansa kamar na babba ba, ba ya zufa sosai, ruwan jikinsa kuma da sauri yake ƙarewa, ga shi ba shi da bakin da zai ce ƙishirwa nake ji.

A nan ne goyonmu, wanda alheri ne a sauran lokuta, ke iya zama matsala. Jariri na manne da bayan uwa, zafin jikinta na shigarsa, ga zane, ga majanyi, ga hijabi mai kauri an rufe har kansa, uwar kuma ba ta ganin fuskarsa. Haka ma masu keken jarirai da ke lulluɓe shi da mayafi don kare rana, ba su san cewa iskar ciki ce suke tsarewa zafin ya ƙaru ba. In za a yi goyo a wurin taro, a bar kan jariri da fuskarsa a buɗe, a sa masa ƴar riga mara nauyi ta auduga da hula mai inuwa, a riƙa sauke shi ana duba shi. Kada kuma a kuskura a bar shi cikin mota a rufe ko da na minti kaɗan ne, domin mota a rana tanda ce.

Kuskure na biyu shi ne ɗura wa jariri ruwan leda ko lemun kwalba don an ga zafi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce wanda bai kai wata 6 ba nonon uwa zalla ya ishe shi, ko da a bazara, domin mafi yawan nono ruwa ne. Abin yi shi ne a yawaita ba shi nonon, kada a jira sai ya yi kuka, ita kuma uwar ta sha ruwa sosai. Mai ba da madarar gwangwani ta san cewa wadda aka dama ta wuce awa 2 ba a sanyi ba zubarwa ake yi, don haka ta tafi da tafasasshen ruwa a fulas da kwalba mai tsabta, ta dama a lokacin da za ta ba shi.

Ga alamun da duk uba ya kamata ya haddace kamar yadda ya haddace farashin kayansa. Jariri mai ƙoshin lafiya yana jiƙa ƙunzugu wajen sau 6 a yini. Idan ya daɗe bai yi fitsari ba, ko maɗigarsa ta faɗa, ko bakinsa ya bushe, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ana tashinsa ba ya tashi, to wasa ya ƙare, asibiti za a nufa. Wanda bai kai wata 3 ba kuwa, da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38, ba a tsayawa sayen magani a bakin hanya. Shirun jariri a cikin rana ba kullum barci ba ne, ni shaida ne.

Ƙara da jijjiga

Sau da yawa za ka ga uba ya rungumi jariri ya hau lilo ko dawakin ƙarfe masu zagaye, ko motocin nan masu karo da juna, don a ɗauki hoto. Kan jariri yana da nauyi a kan jikinsa, wuyansa kuma sai wajen wata 4 yake fara riƙe shi da kyau. Fizga mai ƙarfi na iya yi wa ƙwaƙwalwarsa lahanin da ba ya gyaruwa, hannun babba kuma ba abin dogaro ba ne idan na'ura ta tsaya ko ta tashi ba zato. Ko mai kula da na'urar ya ce a hau, kada a hau da shi.

Sai kuma ƙara. Lasifikar makaɗa, janareto da wasan wuta da dare, duk kunnen jariri ya fi namu jin ciwonsu, shi kuma ba ya iya toshe kunne ko ya matsa gefe. Inda duk sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ba wurin zaman jariri ba ne. Ban da haka, jinjiri na buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, mai wata 4 zuwa shekara kuma awa 12 zuwa 16. Wanda aka hana barci yini guda, da dare gidan duka zai biya bashin.

Ga masu hawa jirgin sama

Alhazan da ke niyyar kai iyali Dubai ko wata ƙasa mai nisa, su sani jariri ko na kwana nawa ne yana buƙatar fasfo nasa da bizarsa. Wanda bai kai shekara 2 ba a cinyar uwa yake zama, galibi ana biya masa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, kuma akwai ɗan gadon da ake maƙalawa a jikin bangon jirgi, amma sai an nema tun wajen yankar tikiti. A ba shi nono lokacin tashi da lokacin sauka, domin haɗiya ke buɗe masa kunne. Tafiya daga nan yawanci sai an yada zango a Adis Ababa, Alƙahira ko Istambul, don haka a riƙe ƙunzugu da tufafin canji a jakar hannu.

Katin allurar shawara da ƙasashe da yawa ke nema daga matafiyan yankinmu sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba ko kaɗan. Ta ƙyanda kuwa, likita na iya ba da ita tun daga wata 6 ga mai tafiya inda cutar ke yawo, daga baya a yi masa sauran a kan lokacinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, a je wajen ma'aikatan lafiya da katin yaro wata guda kafin tashi.

Lokaci ma abin dubawa ne. A Dubai watannin Yuni zuwa Satumba zafi na wuce digiri 40 ga kuma gumi, shi ya sa babban dandalin nan na Global Village ba ya buɗewa sai daga wajen Oktoba zuwa bazara, kuma da la'asar yake fara aiki. Akwai wuraren da ke rufe ruf da na'urar sanyi, irin IMG Worlds of Adventure da aka buɗe a 2016, amma a can sanyin ne zai sa a nemi ɗan bargo. Kuskuren da ƴan kasuwa suka fi yi shi ne haɗa komai a rana ɗaya, da safe a zagaya kasuwannin Deira da mai goyo ana taya zaɓen atamfa da turare, da dare a wuce wurin wasa har sha biyu. Ranar saro daban, ranar yara daban.

To a je ko kada a je?

Idan jaririn bai kai wata 3 ba, shawarata a haƙura. Maigida ya kwashi manyan yara ya kai su, uwa ta zauna da jinjirinta, a yi mata alkawarin tata fitar kuma a cika. Daga wata 4 zuwa 9, idan ya sami allurarsa ta mako 14 kuma lafiyarsa ƙalau, ana iya zuwa wuri mai fili da inuwa, amma ba ranar sallah ko washegarinta ba, a bari sai taro ya ragu. Bayan wata 9, idan an yi ta ƙyanda an ba ta mako 2 zuwa 3 ta kama jiki, hankali ya fi kwanciya, sai dai maganar rana da ƙara tana nan.

In an tashi tafiya, a isa da sassafe a fito kafin rana ta take, ko a bari sai bayan la'asar, awa 2 ko 3 sun isa. Kafin a sayi tikiti a fara neman inda mai goyo za ta zauna a inuwa, a kuma san asibitin da ya fi kusa. A tafi da babbar mace ta biyu, ƙanwa ko goggo, kada a damƙa jariri hannun ƴar reno mai shekara 9 wadda ita ma idonta na kan lilo. A hana baƙi sumbatarsa da karɓarsa hannu zuwa hannu, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, musamman bayan an taɓa kejin dabbobi. In da damina ne a koma masauki kafin magariba, a kwantar da shi cikin gidan sauro.

Daga ƙarshe, ƴan uwana ƴan kasuwa, mu ne muka fi kowa sanin cewa wani lokaci sai ka saki kaya da faɗuwa don ka tsira da uwar kuɗi. Idan mai ɗakinka ta ce yaro ya gaji mu tafi, to ku tafi, ko da minti goma da shigarku, kada ciwon jikar da ka fitar ya rufe maka ido kamar yadda ya rufe mini. Lilo yana nan baɗi, yana nan baɗin baɗaɗa, ranar da zai iya hawa da ƙafarsa yana dariya tana zuwa da yardar Allah. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu sallah lafiya, Ya dawo da matafiya gidajensu lafiya.